Jabun Kuɗi a Kasuwanninmu: A Duba Kafin A Sa Aljihu

A watan Disamba na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya yi wa jama'a gargaɗi cewa jabun kuɗi, musamman manyan takardu, suna yawo a kasuwannin kayan abinci. Wannan gargaɗi ya shafe mu ƙwarai a ƙasar Daura, domin cinikin dabbobi da hatsi a Mai'aduwa, Zango da Baure yawancinsa na hannu da hannu ne, kuma akan ƙirga kuɗi cikin hanzari ko bayan rana ta faɗi.

Abin da ya ƙara wa mazambata ƙarfi shi ne canjin kuɗi. A watan Nuwamba na 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da sababbin takardun N200, N500 da N1,000. Bayan ƙarancin kuɗin farkon 2023, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin tare da sababbin. To, da yake kowace takarda ta zama iri biyu, launi kaɗai bai isa shaida ba, sai an haɗa da hannu da haske.

Da farko a shafa. Takardar gaske tana da kauri, kuma hoton da ke kanta da manyan rubuce-rubucen suna da ɗan tudu a ƙarƙashin yatsa, amma jabu sumul take kamar takardar littafi. Sannan a ɗaga ta sama wajen haske: a farin gefen za a ga hoton ɓoye, tare da zaren da ya ratsa takardar daga sama zuwa ƙasa. A kuma san fuskokin: Sardauna Ahmadu Bello a kan N200, Nnamdi Azikiwe a kan N500, Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong a kan N1,000. Idan kuɗin damtse ne, a duba lambobin, domin takardun gaske biyu ba sa ɗauke da lamba ɗaya. A tsakiyar damtse ake cusa jabu, saboda haka kada a ƙirga gefe kawai.

Amma 'yan'uwa, babbar jarrabawa tana zuwa ne bayan mutum ya gane an cuce shi. Zuciya takan ce a tura wa na gaba. Wa zai karɓa? Tsohuwa mai ƙosai, ko yarinya mai tallar gyaɗa da dare, waɗanda N1,000 ce ribarsu ta yini. Wani lokaci ma a cikin baiko ko kuɗin adashin zumuntar mata ake tsintar ta. Wanda ya san jabu ce ya miƙa ta, ya zama abokin aikin wanda ya buga ta. Dokar Babban Banki ta 2007 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba ga mai buga jabu, kuma mai kashe ta da sani shi ma hukuma ba ta ƙyale shi.

Banki ba ya musanya jabu, asarar tana kan mai riƙe da ita. Duk da haka, gara a kai ta banki ko ofishin 'yan sanda a faɗi inda aka same ta. Ma'ajin ikilisiya da masu ƙirga baiko su yi aikin da rana, mutum biyu ko uku tare, su kuma koya wa tsofaffinmu da yara masu talla waɗannan alamu. Ubangiji ya tsare mana guminmu, ya kuma tsare hannuwanmu daga cutar maƙwabci. Amin.