Yaron da Jininsa Ba Ya Tsayawa

Da yawanmu mun shekara goma da alli a hannu ba mu taɓa jin sunan himofiliya ba. Cuta ce ta gado da ke hana jini daskarewa da wuri, saboda ƙarancin wani sinadari a cikinsa. Galibi 'ya'ya maza take kamawa, kuma nau'inta da ya fi yawa yakan sami ɗaya cikin kimanin jarirai maza 5,000. A ƙasarmu sau da yawa ranar kaciya ake fara gane ta, wanzami ya gama aikinsa jini ya ƙi tsayawa.

Ran da iyaye suka kawo mana takardar likita, ran nan bulala ta haramta a jikin wannan yaro. Mun sha muhawara kan duka a makaranta, amma nan babu ja. Ƙaramin yanka a yatsa ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro jinin da ke zuba a ciki, ya taru a gwiwa ko idon sawu, gaɓa ta kumbura, in abin ya yawaita ta sandare. Ashe tsallen kwaɗo da durƙuso a kan tsakuwa ma sun fita, balle ranƙwashi. In ya bugu a ka, ko ya ce lafiya lau, asibiti za a nufa nan take. Kada kuma a ba shi asfirin, don ƙara zubar jini yake yi.

Inda muke tuntuɓe shi ne, malamin aji ya sani, amma mai tare makararru a bakin ƙofa bai sani ba, haka monita, haka ɗan bautar ƙasa da ya zo jiya. Muna roƙon reshenmu ya tsaya kai da fata: kowace makaranta mai irin wannan ɗalibi ta ajiye takarda a ofishin hedimasta, da lambar iyaye da sunan asibitinsa, a karanta wa malamai farkon kowane zango, da yardar iyayen.

Kada tsoro ya sa mu kulle shi a aji lokacin tara. Motsa jiki mara karo ƙarfafa gaɓoɓinsa yake yi. Uwarsa kuwa, wadda ƙila dangin miji ke yi wa gori cewa daga wajenta ciwon ya fito, in ta zo neman darussan makon da ya yi a kwance, mu ba ta kujera, mu rubuta mata su.