Ɗalibin Kiɗa da Nauyin da Ba a Gani

Sau da yawa ana ɗaukar ɗalibin sashen kiɗa a kwalejin ilimi tamkar wanda ya zo hutu. Wannan kuskure ne, musamman idan Kirista ne da ya iya piyano. Da safe yana aji, da yamma yana gwajin waƙa da ƙungiyar mawaƙa, Asabar ana nemansa wurin ɗaurin aure, Lahadi kuwa shi ne farkon shiga majami'a. Ba ya iya cewa a'a, domin a ganinsa ƙin zuwa ƙin yi wa Ubangiji hidima ne.

Irin wannan ɗalibi kan tuna da Dawuda, wanda yakan kaɗa wa Sarki Saul garaya har hankalinsa ya kwanta. To, shi makaɗin wa ke kwantar masa da nasa? Barci ya ƙaranta, jarrabawa ta ƙarato, ga koyarwar gwaji tana jira. Ya kamata shugabannin zumuntar ɗalibai su horar da makaɗa biyu ko uku su riƙa karɓa-karɓa, su kuma sauke masa hidima a makonnin jarrabawa. Malamin da ya gan shi yana gyangyaɗi a aji ya fara tambayar inda ya kwana.