A Kano, wuta ce ke zaɓar maka amplifaya

1/ Masu musun Marantz da McIntosh, ku ɗan saurara. A garin nan wuta za ka fara tambaya kafin kunne.

2/ Masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai ma sai da janareta suke kai labari, balle ɗakinka.

3/ Class A sautinta garau, ban musa ba. Amma wajen kashi 75 na wutar da take sha zafi yake komawa. A watan Afrilu? Murhu ka sayo, malam.

4/ Class D kuwa kusan kashi 90 take tura wa sifika. Ƙaramar inbata ta ishe ta.

5/ Ni dai shawarata: Class D, sitabilaiza mai kyau, ragowar kuɗin ka zuba a sifika. Can kunne ke jin bambanci, wallahi.