Bayan Fashi, Wa Ke Tallafa wa Wanda Aka Zalunta?

A shekarar 1970 Gwamnatin Soja ta kafa dokar kashe 'yan fashi da makami. A 1971 kuwa dubban mutanen Ikko suka taru a Bar Beach, aka harbe Ishola Oyenusi a gabansu. Azzalumi ya sami sakamakonsa, amma hankalin jama'a bai koma kan waɗanda ya zalunta ba.

Ɗan kasuwar da aka tare da bindiga a Agege, raunin jikinsa yakan warke cikin makonni, na zuci shi ke daɗewa. Barci ya ƙaurace masa, ƙarar ƙofa ta razana shi. Jiya shi ke aika kuɗi gida, yau kunya ta hana shi komawa hannu rabbana. Sunansa ma ya ɓace, sai "wanda aka yi wa fashi".

Jaje abu ne mai kyau, amma ba ya mayar da jari. Wajibi ne Sarkin Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa su buɗe asusun gudummawa, su raka shi ofishin 'yan sanda, su ba shi kaya bashi ya koma rumfarsa. Ranar da ya sake buɗe rumfar nan, ranar zai karɓo mutuncinsa daga hannun ɓarayi.