Kaka Ta Yi, Amma Kada Mazauna Kurmi Su Rufe Aljihu

Sanin kowa ne cewa da zarar ruwa ya ɗauke a cikin watan Oktoba, aka fara ganin motoci suna shigowa Bauchi ta hanyar Dass da ta Ningi da ta Gombe ɗauke da buhunan masara da gyaɗa, sai hankalin 'yan Arewa mazauna Kurmi ya kwanta. Mai gadi a Agege, da mai goro a Shagamu, da mahauci a Sabon Badun, da ɗan dako a Fatakwal, duk bakinsu ɗaya ne: kaka ta yi, gida ya ƙoshi. Daga nan sai a rage aike. Wasu ma su tsai da shi ɗungum sai bazara, wai su samu su biya bashin da suka ci da damina, ko su ƙara jari. Wannan lissafi kuskure ne, wanda kuwa kuskuren ya fi faɗa wa shi ne wanda bai iya buɗe baki ya yi ƙara ba, watau jaririn da ke bayan uwarsa.

Lissafin yana da asali, domin daga ƙauye aka zo da shi. A gidan da ke da gandu da rumbu, in an yanke gero, an karye masara, dawa ta biyo baya, lalle an gama da zancen ci. Amma birnin Bauchi ya daɗe da barin wannan hali. Tun da aka mai da shi hedkwatar jiha a 1976 gari ya tumbatsa, ya tsallake ganuwar da aka yi tun zamanin Sarki Yakubu, ya bazu ta Yelwa da Fadaman Mada da sauran sababbin unguwanni. Gidaje da yawa a ciki da wajen ganuwa ɗakin haya ne, ba gona ba rumbu, daga mudu sai tukunya. Masu 'yar gona a bayan gari kuwa, tsadar taki ba ta barinsu su sami abin da zai kai su wata damina. A irin wannan gida, abin da kaka ke kawowa shi ne araha a kasuwar Wunti da ta Muda Lawal. Araha kuwa ba ta da amfani ga matar da hannunta ba ko sisi.

A ɗauki gida guda, alal misali, a Jahun ko Kofar Dumi, wanda maigidansa ke Ikko. Matar na da 'ya'ya uku: babbar tana firamare, na tsakiya shekararsa uku, sai goyo ɗan wata biyar. Tun asuba take tashi ta dama koko, ta yi wa biyu wanka, ta sallami 'yar makaranta. An koma karatu a Satumba, an nemi sabuwar riga da littattafai da takalmi, abin da aka aiko na ƙarshe can ya tafi. In famfo ya kawo ruwan Gubi a gode Allah, in bai kawo ba a kira ɗan garuwa. Ga niƙa, ga wanki, wanda kowa ya san na mai goyo ba ya ƙarewa, ga shirin Islamiyya da la'asar. Sa'an nan ga sana'a, domin gyaɗa ta shigo, lokacin ƙuli da mai ya yi. Wadda ba ta ƙuli tana suyar masa, masar da aka san Bauchi da ita har Kurmin. Ɓarar gyaɗa, suya, matsa, shanya, duk da yaro a baya take yinsu, yana shaƙar hayaƙi da ƙaiƙayi. Haƙiƙa babu lokacin da aiki ke yi wa matar gari yawa kamar kaka.

Da dare maigida zai bugo waya. Ya ce, "Yaya yara?" Ta ce, "Suna nan ƙalau, Malam." Ya ce, "Inna fa?" Ta ce, "Tana gaishe ka." Shi ke nan, an gama. Ba ƙarya ta yi masa ba, tarbiyya ce: an hore ta da haƙuri da kunya, an gaya mata ba a tayar wa matafiyi hankali. Ba za ta ce jikin ƙaramin da zafi tun jiya ba, sai abin ya ci tura. Magidancin da ya ɗauki "ƙalau" ɗin nan a matsayin rahoto, shi ya so ya ruɗi kansa.

Zafin jikin nan kuwa shi ne babban abin tsoro a kaka. Ruwa ya ɗauke, sauro bai ɗauke ba. Kududdufai da lambatu da ramukan da aka haƙi ƙasar gini suna nan cike, ciyawa ta yi tsawo a kangaye, ga kuma zufar nan ta ƙarshen damina da ke sa a yaye gidan sauro a kwana a fili. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya sun sha nuna cewa Nijeriya ita kaɗai ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, mafi yawan waɗanda ke mutuwa kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Tun 2012 hukumar ta ba da shawarar a riƙa ba yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar maganin rigakafi wata-wata a lokacin damina, kuma Jihar Bauchi na cikin jihohin da aka bi gida-gida ana rabawa. Aiki ne mai kyau ƙwarai. Amma fa yana da iyaka. Jaririn da bai kai wata uku ba, ba ya ciki. Maganin na kwana uku ne, masu rabawa su ba da na ranar farko, saura biyu a hannun uwa, wadda hidima kan sha kanta ta manta. Ƙarfinsa kuma bai wuce wajen wata guda ba, saboda haka bayan zagaye na ƙarshe yaro ya koma ga tsaron gidan sauro kawai, wanda a gidaje da yawa ya riga ya yage.

To, in zazzaɓi ya taso cikin dare, abu biyu ke tsai da uwa: kuɗi da izini. Kuɗin keke zuwa asibiti, kuɗin gwajin jini, kuɗin magani. Izini kuwa yana wurin mutumin da ke nisan tafiyar yini da kwana a mota, wanda wayarsa ƙila ba caji, ko yana bakin gadi an hana shi ɗauka. Sai a jira safiya. Da safe a aika kemis a sayo abin saukar da zafi, a jira jibi. Kafin a kai yaro asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fara jijjiga, ko tafin hannunsa ya yi fari fat ana neman mai ba da jini. Abin da magani na kwana uku zai warkar ya zama abin sayar da akuya, in ma Allah ya sa an tsira. Babu malamin da zai hana miji ya ce wa matarsa tun kafin ya tafi, a gaban mahaifiyarsa, duk sa'ar da yaro ya yi zafi a fita da shi ba sai an nemi jin bakinsa ba. Wannan magana ba ta cin ko kwabo, amma kaɗan ne ke yinta.

Sai zancen ci. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Jihar Bauchi sun fi rabi. Abin mamaki, a jihar da ke noma gyaɗa da wake da waken suya! Dalili a fili yake: yaro ya wuce wata shida, nono kaɗai ya daina isarsa, sai a ɗora shi kan tsinkakken koko safe da yamma, cikinsa ya cika da ruwa. Yayayye kuma a zuba masa tuwo cikin kwano ɗaya da manya, kafin ya kai loma uku an suɗe. Kunun gyaɗa, da faten wake, da garin waken suya a cikin koko, da ɗan man ja da zogale a miya, su ne ke gina yaro, kuma ba su taɓa yin sauƙi kamar yadda suke yi a kaka. Ita ma mai shayarwa, wadda likitoci ke gaya wa ta ba da nono zalla har wata shida, ba da iska za ta yi nonon ba.

Nan ne lissafin mazauna Kurmi ya juya da su. Naira ɗin da aka aiko a Nuwamba ta fi wadda aka aiko a Yuli auki, kowace mace da ke riƙe da mudu ta san haka. A kaka 'yan kasuwa ke bin Soro da Alƙaleri da sauran kasuwannin ƙauye suna kwashe hatsi, wani a kulle a sito, wani a loda Kudu. Ɗan Bauchin da ke dako a kasuwannin Ikko da kafaɗarsa yake sauke waken da aka saye da araha a jiharsa, sa'an nan da damina ya ci bashi ya aika a saya wa 'ya'yansa irin wannan wake da tsada. Wanda ya iya haɗa kuɗin buhun masara da rabin na wake yanzu ya rage wa kansa wahalar Yuli da Agusta. Wanda bai iya shi kaɗai ba, ai akwai adashi, kuma 'yan gari ɗaya da ke kwana a rumfa ɗaya suna iya haɗa hannu.

Sai dai a kula da ajiya. Ɗaki ɗaya ne, nan buhu yake, nan jariri ke kwana. Zuba wa wake maganin ƙwari na feshi, ko jefa ƙwayar nan mai tashin iska a cikin buhu a ɗakin kwana, ganganci ne da ran yara. Saboda irin wannan guba ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Akwai buhu mai ninki uku, leda biyu a ciki, wanda in an ɗaure shi tam ƙwari ke mutuwa don rashin iska, ba a sa masa komai. Jarka mai murfi ma tana yi. Masara da gyaɗa kuwa a tabbata sun bushe sarai, gama wadda ta yi funfuna tana ɓata hantar yaro.

Mai karatu a Ikko zai ce an faɗi da sauƙi, kuma yana da gaskiyarsa. A 2022 gwamnatin Jihar Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi da dama, mutane da yawa suka rasa babura. A 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka yi sama. Wanda ke kwana a barandar shago yana cin garin kwaki don ya rage na aikawa, ba a ce masa marowaci. Ba a kuma ce ya nemo abin da ba shi da shi ba. Magana ce ta lokaci da tsari. Kuɗin da ake tarawa wata da watanni don a sauka da Salla da shadda da sabuwar waya, a yi kwana goma ana rabon goro a ƙofar gida, rabinsa da an aiko shi a kaka da ya fi yi wa yara amfani. Haka kuma a duba hannun da aike ke bi. Kuɗi ya bi ta wa, ya bi ta ƙane, kowa ya cire na mai, kafin ya isa ɗaki ya zama saura. Mahaifiya na da haƙƙinta, a ware mata nata da girmamawa. Na cefanen yara da na asibiti kuwa ya tafi kai tsaye ga wadda ke tashi da su cikin dare. Yanzu da masu cirar kuɗi suka cika kowane lungu, babu uzurin da ya rage.

Hukuma ma da nata. Ƙananan asibitocin unguwa su kasance da abin gwaji da magani a Oktoba da Nuwamba kamar yadda ake ƙoƙarin yi a tsakiyar damina, a kuma yashe magudanai bayan ruwan ƙarshe.

Ba a gama da sauro ba hunturu zai sako kai. Bauchi a kan tudu take, sanyinta na asuba ba wasa ba ne, kuma da ƙurar nan ake samun mura da tari da ciwon haƙarƙari ga ƙanana. Rigar sanyi ta gwanjo da hula da safa tun yanzu ake sayensu, kafin masu sayarwa su ga haɓo ya rufe duwatsu su ƙara kuɗi. A gargaɗi gida kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe. Da rani kuma ƙyanda ke yawo, allurarta kuwa a wata tara ake yi, bayan na sati shida da goma da sha huɗu, a sake ta biyu a wata goma sha biyar. 'Yan ci-rani da ke shirin hawa mota da an gama yankan dawa, su karɓi katin asibitin goyo su duba da idonsu kafin su ɗauki jaka. Wanda ya riga ya yi nisa, in ya bugo waya yau da dare aka ce masa ƙalau, ya ƙara tambaya: mudu nawa ya rage, gidan sauron yana da huji ko babu, kuma wace rana ce aka rubuta a katin.