Wa Ke Ba Ka Labari Da Safe?

'Yan'uwa mazauna Belleville da Adjamé da kewaye, masu shago da masu tebur, masu garba da masu tsire, Alhazai da Hajiyoyi: Kafin mu zo gare ku da maganar ƙuri'a, akwai tambayar da muke so kowa ya amsa wa kansa: da ka buɗe salularka bayan asuba, muryar wa ka fara ji?

Yawancinmu amsar ɗaya ce. Saƙon murya ne a WhatsApp, wanda wani ya turo daga wani, shi ma daga wani, ba suna ba gari. "Jama'a ku yaɗa, abin da ke faruwa ke nan." Sai mu yaɗa. Mun san abin da irin wannan yaɗawa ta jawo mana a nan Abijan, don a jikinmu ta sauka. Ranar Laraba 19 ga Mayun 2021 wani bidiyo ya bazu a Facebook, aka ce wai 'yan Kwaddibuwa ne ake azabtarwa a Nijar. Kafin la'asar matasa sun fito da sanduna da adduna a Abobo da Yopougon da wasu unguwanni suna farautar duk wanda ya yi kama da ɗan Nijar. An kashe mutum, an raunata da dama, an wawashe shaguna. Daga baya hukuma da kanta ta bayyana cewa bidiyon tsoho ne, a Najeriya aka ɗauke shi, ba ruwansa da Nijar ba ruwansa da 'yan Kwaddibuwa. Matar da ta hura wutar kotu ta ɗaure ta shekara 5. To, wanda ya mutu fa? Wanda aka kwashe wa jarin shekara goma fa? Duk wanda ya kwana a ɓoye a bayan shago ran nan bai bukatar a yi masa dogon bayani.

Saboda haka ne muke jawo hankalinku ga wani abu da ke cikin wannan salular da ke aljihunku, ba tare da kun sayi komai ba. Shirin labarai ne na sauti da ake ɗorawa a intanet kowace rana, wanda ake kira fodkas. Kamar rediyo yake, sai dai bai da sa'a. Kai ne kake zaɓen lokacin da za ka ji shi: kana jiran gbaka, kana soya kifi, kina ƙirga atamfa kafin masu saye su zo. In ka sauke shi inda akwai wifi, za ka saurare shi ko babu data, kuma sauti bai cin data kamar bidiyo. Jaridar Aminiya ta Najeriya tana da irinsa mai suna Najeriya a Yau, inda ake ɗaukar batu guda a tattauna shi. Sashen Hausa na BBC, wanda ke magana da mu tun 1957, da na DW da na RFI, duk suna ajiye shirye-shiryensu a intanet bayan an watsa. A Yamai akwai Studio Kalangou da ya fara a 2016, yana ba da labarai da Hausa da Zabarmanci da wasu harsunan Nijar.

Wani zai ce ai su ma 'yan jarida suna kuskure, wasu ma ana sayensu. Gaskiya ne, mu 'yan siyasa mun fi kowa sanin haka. Amma bambancin a fili yake. Mai gabatar da shiri yana faɗin sunansa, gidan da yake aiki yana da adireshi, in ya yi ƙarya ana iya kai shi ƙara, gobe kuma dole ya dawo ya fuskanci masu saurarensa. Mai saƙon murya kuwa, in wuta ta tashi, ina za ka gan shi?

Sannan akwai aikin da sai ɗan jarida mai haƙuri ke iya yinsa, wato bincike: ya yi wata da watanni yana bin takarda ɗaya, yana tambayar wanda ba ya son a tambaye shi. Mutanen Kano da ke cikinmu za su tuna da maganin tarin nan mai kodin da ya lalata matasa da matan aure. Shekaru ana kuka, ba abin da ya motsa. A ƙarshen watan Afrilun 2018 BBC ta fito da bincikenta da kyamarar ɓoye, washegari gwamnatin Najeriya ta sanar da hana haɗa shi da shigo da shi. Mutanen Nijar za su tuna da badaƙalar sayen makamai a ma'aikatar tsaro da ta fito a 2020, biliyoyin sefa da suka bi iska alhali sojoji na mutuwa a daji, da kuma yadda ɗan jarida Moussa Aksar ya sha zaman kotu saboda rubutunsa a kai. A nan gida, dattin gubar jirgin Probo Koala da aka zubar a sassan Abijan cikin dare a watan Agustan 2006 ya kashe aƙalla mutum 15, sama da 100,000 suka je asibiti. Gwamnati ta karɓi sefa biliyan 100 a 2007 aka ce an sasanta. 'Yan jaridar Turai ne suka ci gaba da tono har suka fito da wasiƙun cikin gida na kamfanin a 2009. Kuma kar mu manta da Guy-André Kieffer, wanda ke binciken kuɗin koko: ya ɓace a Abijan ran 16 ga Afrilun 2004, har yau ba a gan shi ba.

In kana son ka san darajar labari, dubi yadda masu mulki ke rawar jiki su toshe shi. Ran 2 ga Disambar 2010, da rikicin zaɓe ya taso, abu biyu aka rufe a ƙasar nan a rana guda: iyakoki da tashoshin labarai na waje. Ku da ke zirga-zirga tsakanin Abijan da Maraɗi ko Tawa ko Sakkwato kun san ma'anar wannan, ba fita, ba jin halin da gida ke ciki. A Nijar an dakatar da RFI da France 24 a watan Agustan 2023, aka dakatar da BBC wata 3 a Disambar 2024. A Najeriya an rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, aka ci tarar Trust TV naira miliyan 5 a 2022 don ta nuna rahoto kan 'yan bindiga. Muryar Amurka ma da muka saba ji da Hausa ta yi shiru a watan Maris na 2025, ita kuma gwamnatin da ke biyanta ce ta yanke mata. Soja ne ko farar hula, na jiya ne ko na yau, hannunsu guda wurin kai shi ga makunni. Shi ya sa ba ma cewa ku riƙe gida ɗaya. Ku riƙe biyu ko uku, in labari ya zo ku gwama.

Mu ma ku gwama mu. Abin da ɗan takararmu ya faɗa a dandali, da abin da ke cikin wannan takarda, ku auna shi da ma'aunin da kuke auna na gwamnati. In alkawarinmu ba ya iya tsayawa gaban tambayar ɗan jarida, bai cancanci ƙuri'arku ba.

Sai dai akwai giɓi, kuma shi ya fi damunmu. Shirye-shiryen nan na Hausa idonsu na kan Abuja da Yamai. Da wuya ka ji an zauna an yi minti goma kan abin da ya taɓa tukunyar Bahaushen Abijan. A 2024 an rusa Gesco da Boribana, an rusa unguwar Abattoir a Port-Bouët aka tayar da kasuwar dabbobi ana dab da babbar Salla, an hana talla a manyan tituna da tura wotro. Su wa wannan ya fi shafa? Mu ne. Amma takardun duk da Faransanci suka fito, tattaunawar duk da Faransanci aka yi ta, da yawa cikinmu sai da katafila ta iso ƙofa suka san an yi doka. Wa aka biya diyya, nawa, wa aka bari? Talabijin na gwamnati zai nuna maka buɗe gada ta huɗu sau goma kafin ya nuna maka inda waɗanda aka tayar suka kwana.

Ga 'ya'yanmu nan da aka haifa a Treichville, sun yi lakkwal, suna karanta Faransanci kamar ruwa, suna jin Hausa da Julanci. Su muke kira. Salula ɗaya da abin ɗaukar murya daga Black Market sun isa a fara: minti goma kowace safiya, a karanta sanarwar magajin gari da Hausa, a faɗi ranar da hukumar zaɓe za ta buɗe rajista da takardun da ake nema, a je a tambayi shugaban kasuwa ina kuɗin tikiti ke zuwa, a faɗi halin da hanyar Wangolodugu ke ciki ga masu tafiya gida. A faɗi suna, a faɗi inda aka samo magana, in an yi kuskure a gyara washegari a gaban kowa. Kuma a shiga da sani: tun ƙarshen 2022 dokar ƙasar nan ta sa duk mai mabiya 25,000 a intanet ƙarƙashin idon hukumar HACA, kamar gidan rediyo. Alhazan kasuwa da ke iya ɗaukar nauyin ƙwallon unguwa, kuɗin datar yaran nan na wata ba zai gagare ku ba, da sharaɗin ba za ku gaya musu abin da za su faɗa ba. Mu ma ba za mu gaya musu ba. In sun fara, ɗan takararmu zai zo ya zauna gabansu a kasuwar Belleville, su tambaye shi abin da suka ga dama.