Naitiret a Tankin Kifin Teku: A Fara Duba Cokalin Abinci

Duk wanda ya ajiye kifin teku da murjani mai rai a tankin gilashi, ko a Landan yake ko a Dubai, akwai ranar da zai ɗiga ruwan gwaji a ɗan kwalba, ya girgiza, ya ga launin ya yi ja fiye da yadda yake so. Ma'anar jan nan ita ce naitiret ya taru. Abin da yawancin mutane ke yi a wannan rana shi ne su nufi shagon kayan kifi, inda kwalabe ke jere, kowace na alkawarin sauke naitiret cikin 'yan kwanaki. Wannan gaggawa ce ta fi naitiret ɗin kansa kashe murjani. Yawan naitiret sakamakon lissafi ne tsakanin abin da ke shiga tanki da abin da ke fita, kuma wanda bai yi wannan lissafi ba zai yi ta sayen kwalba har ya gaji.

Asalin naitiret a tanki abinci ne. Kifi ya ci, ya fitar da amoniya ta matsefin numfashinsa da kashinsa. Abincin da ya faɗi ƙasa ba a ci ba shi ma ya ruɓe ya zama amoniya. Amoniya guba ce mai saurin kisa, amma akwai ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a jikin duwatsu da yashi suna mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait ɗin naitiret. Masanin nan ɗan ƙasar Rasha, Sergei Winogradsky, shi ya fara ware irin waɗannan ƙwayoyi wajen 1890, a cikin ƙasar noma. Aikinsu yana buƙatar iskar oksijin, kuma tankin teku cike yake da ita saboda famfunan da ke juya ruwa dare da rana. Don haka matakai biyun farko ba sa wahala. A mataki na uku ne ake tsayawa, domin ƙwayoyin da ke iya mayar da naitiret iskar naitirojin ta fice daga ruwa ba sa yin wannan aiki sai a wurin da oksijin ya yi ƙaranci ƙwarai, kamar can cikin ramukan dutse ko ƙarƙashin yashi mai zurfi. Irin wannan wuri kaɗan ne a tanki. Naitiret sai ya yi ta taruwa.

Adadin da abinci ke kawowa ya fi abin da ido ke zato. Kusan kashi 16 cikin ɗari na nauyin furotin naitirojin ne. A ɗauki giram ɗaya na busasshen abincin kifi wanda rabinsa furotin ne: yana ɗauke da kimanin miligiram 80 na naitirojin, wanda idan ya koma naitiret gaba ɗaya zai kai wajen miligiram 350. A tanki mai lita 200, wannan ya kusa miligiram 2 a kowace lita, a rana ɗaya tak. Kifin zai riƙe wani ɓangare a jikinsa yana girma, gansakuka da murjani su sha wani, amma saura yana nan cikin ruwa. Giram ɗaya kuwa bai cika ƙaramin cokali ba.

Maganin da kowa ya sani shi ne canjin ruwa, kuma magani ne na gaskiya, sai dai yana da iyaka da alƙalami zai nuna. Wanda ya zubar da kashi 20 cikin ɗari na ruwan tankinsa ya maye da sabon ruwan gishiri mai tsabta, ya rage naitiret da kashi 20 cikin ɗari ke nan, ba ƙari: daga 50 zuwa 40. Idan tankin yana ƙara miligiram 5 a lita kowane mako, kuma ana canja kashi 10 cikin ɗari kowane mako, ma'aunin zai yi ta hawa har ya tsaya wajen 50, inda abin da ake zubarwa ya yi daidai da abin da ke ƙaruwa. Idan aka ninka canjin ruwan ya zama kashi 20, zai tsaya wajen 25. Idan kuma aka bar canjin yadda yake aka rage abin da ke shiga da rabi, nan ma 25 za a samu, ba tare da sayen ƙarin buhun gishiri ko ɗaukar ƙarin bokiti ba. Masu kiwon tarwada sun san wannan daga aiki: kandamin da ake zuba wa abinci fiye da kima, ko kullum ake canja masa ruwa sai ya yi wari.

Akwai kuskure biyu da ke ɓata wannan lissafi. Na farko, ruwan da ake ƙarawa don cike gurbin wanda ya ƙafe ba canjin ruwa ba ne. Tururi ruwa zalla yake ɗauka, ya bar gishiri da naitiret a baya. Na biyu, ruwan da ake haɗa gishirin da shi yana iya zuwa da nasa naitiret. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da har miligiram 50 a lita a ruwan sha, wato ruwan da ya halatta a ba ɗan Adam yana iya fin ruwan tankin da ake ƙoƙarin gyarawa ƙazanta. Ruwan rijiya da na burtsatse da ke kusa da masai ko gonar da ake zuba wa takin zamani ya fi zama abin tuhuma. Shi ya sa masu kiwon murjani ke tace ruwansu da na'urar RO, kuma mai hankali yakan gwada sabon ruwan kafin ya zuba shi.

Bayan abinci da ruwa, sai dattin da ya maƙale. Soson tacewa, da ƙwallayen roba da ruwa ke gangarowa a kansu, da kusurwoyin bayan duwatsu inda ruwa ba ya motsi, duk suna tara guntun abinci da kashi. Masu kiwo a Amurka sun daɗe suna kiran irin waɗannan matata masana'antar naitiret. Sunan ya ɗan zalunce su, domin ba su ke ƙirƙirar naitirojin ba. Laifinsu shi ne suna riƙe datti a wuri mai yalwar oksijin har ya ruɓe ya kai matakin naitiret, sannan ba su da hanyar ƙarasa aikin. Soson da ake wankewa duk bayan kwana biyu ko uku yana fitar da datti daga tanki. Wanda aka manta da shi wata guda yana dafa dattin ne kawai. Amfanin na'urar kumfa, wadda ke busa ƙananan kumfar iska cikin ruwa su kwaso furotin da maiƙo su zubar a kofi, shi ne tana cire kayan tun ba su ruɓe ba. Ita ce ginshiƙin tsarin da ake kira na Balin, wanda masu sha'awar kiwon murjani a Jamus suka yaɗa tun shekarun 1970: dutse mai ramuka daga teku, na'urar kumfa mai ƙarfi, da haske mai yawa.

Sauran hanyoyin da suka yi suna duk ƙoƙari ne na samar wa naitiret ƙofar fita. Jean Jaubert, wanda ya yi aiki da gidan nazarin teku na Monako, ya fito a ƙarshen shekarun 1980 da tsarin shimfiɗa yashi mai kauri bisa wani fegi na ruwa marar motsi, domin a samu wurin da oksijin ya yi ƙaranci. Walter Adey na cibiyar Smithsonian a Washinton ya bi ta wata hanya: ya shuka gansakuka da gangan a kan faranti mai haske, ruwan tanki na bi ta kai, ana kankare ta lokaci-lokaci a zubar. Abin da masu kiwo na yau ke yi da ciyawar teku mai suna Chaetomorpha a ƙaramin tanki na gefe jikan wannan tunani ne. Ciyawar ta sha naitiret da fosfet ta yi girma, a yanke rabinta a jefar, abin da ta sha ya fita tare da ita. Sharaɗin shi ne yankan. Ciyawar da aka bari ta cika wurin ta fara mutuwa daga ƙasa tana mayar wa ruwa abin da ta karɓa.

Kwalaben shago kuwa, mafi yawansu abu ɗaya ne a ciki: wani nau'in kabon mai sauƙin ci ga bakteriya. Tun kafin kamfanoni su sa shi a kwalba, masu kiwo a Turai suna ɗiga giyar vodka, ko ruwan kal, ko sukari a tankunansu. Bakteriya su sami abinci su hayayyafa, su haɗiye naitiret da fosfet a jikinsu, na'urar kumfa ta kwashe su. Hanyar tana aiki, kuma babu dalilin musun haka. Haɗarinta yana cikin ƙarfinta. Idan aka zuba da yawa, ruwa yakan yi fari kamar an zuba madara, bakteriyar su cinye oksijin, a wayi gari kifaye na haki a saman ruwa. Kuma ba naitiret kaɗai take janyewa ba. Halittun ruwa suna ɗaukar naitirojin da fosforas ne tare. Alfred Redfield ya nuna cewa a jikin ƙananan halittun teku ana samun kimanin ƙwayar naitirojin 16 ga kowace ƙwayar fosforas ɗaya. Bakteriyar tanki ba lallai su bi wannan adadi daidai ba, amma ƙa'idar tana nan: idan fosfet ya ƙare, saukar naitiret ta tsaya, komai yawan abin da aka ɗiga.

A nan ne batun ya fi muhimmanci, domin a nan murjani ke mutuwa. A cikin naman murjani akwai wasu ƙananan tsirrai masu ƙwaya ɗaya da ake kira zooxanthellae, su ke ba shi launi da mafi yawan abincinsa. A 2013 Jörg Wiedenmann da abokan aikinsa a Jami'ar Southampton suka wallafa bincike da ya nuna cewa murjanin da ke cikin ruwa mai yawan naitiret da ƙarancin fosfet ya fi saurin kodewa idan zafi ko haske ya ƙaru. Tsirran suna ta ƙaruwa saboda naitirojin, fosfet bai ishe su ba, sai su yi rauni. Wannan shi ne halin da mai kiwo ke jefa tankinsa idan ya sa maganin tsotse fosfet mai ƙarfi alhali naitiret na sama. Wanda kuma ya yi nasarar kai duka biyun sifili, an gudu ba a tsira ba: murjani ya yi fari-fari, ya daina girma, sannan sau da yawa wata yauƙi mai ruwan ƙasa ta halittun da ake kira dainoflajilet ta lulluɓe yashi da duwatsu, wasu nau'o'inta ma da guba. Kawar da ita ta fi sauke naitiret wuya nesa ba kusa ba.

Masu neman sifili suna da hujja da ta cancanci amsa. Sukan ce ai a tekun da murjani ke rayuwa, naitiret bai kai ko miligiram ɗaya a lita ba, sau da yawa ma ƙasa da haka sosai, kuma inda ya yi yawa an ga ɓarna. Gaskiya ne. A mashigin Kaneohe da ke Hawai, ruwan masai da aka yi shekaru ana zubawa ya sa wata koriyar gansakuka ta rufe murjani, kuma sai bayan an karkatar da bututun a 1977 da 1978 murjanin ya fara farfaɗowa. Sai dai teku ba ta barin murjani da yunwa. Igiyar ruwa tana kawo masa ƙananan halittu ba dare ba rana, dubban kifaye suna kashi a kansa; abinci na wucewa da yawa, ana cinye shi nan take, shi ya sa ma'auni ba ya ganin komai. Sifilin teku alamar saurin ci ne. Sifilin tankin gilashi sau da yawa alamar babu ne. Wannan ya sa yawancin gogaggun masu kiwo a yau ke barin naitiret tsakanin miligiram 1 zuwa 10 a tankin murjani, har ma wasu na ƙara shi da gangan idan ya ƙare, yayin da tankin kifi zalla ke jure wa 20 ko fiye ba tare da wata alamar damuwa ba.

Kafin ma a yarda da launin ɗan kwalban, ya kamata a san me yake aunawa. Wasu kayan gwaji suna ba da adadin naitiret ne gaba ɗayansa, wasu kuma naitirojin da ke cikinsa kaɗai, kuma tsakanin biyun akwai ninki kusan 4.4, wato 10 a wannan ma'auni daidai yake da 44 a wancan. Ruwan gwajin da ya tsufa, ko wanda ba a girgiza shi yadda takardar ta ce ba, yakan ba da adadi ƙasa da gaskiya.

Tankin da aka tabbatar ya kai 80 bai kai can a dare ɗaya ba, kuma halittun cikinsa sun saba da shi a hankali. Sauke shi zuwa 5 cikin mako guda girgiza ce da murjani ba ya so. Abin da ya fi dacewa shi ne a auna abinci da cokali maimakon a yi ta barbaɗawa da yatsu, a tsiyaye ruwan daskararren abinci kafin a zuba, a zuƙe dattin bayan duwatsu a duk canjin ruwa, a riƙa canja kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari kowane mako na wata biyu ko uku, ana auna fosfet tare da naitiret ana rubutawa. Idan bayan wannan ma'aunin ya ƙi sauka, to an kai ga tambayar da mai shago ba zai yi ba, wato ko kifayen sun yi wa tankin yawa. Kifi goma a ruwan da zai ɗauki biyar za su ci abincin kifi goma, kuma mayar da uku daga cikinsu shago ya fi kowace kwalba araha.